Yadda Ake Haɗa Wiski Mai Ƙamshin Hayaƙi da Zartsin Teku a Sikotilan

Duk wanda ya kai hancinsa bakin kofin wiskin tsibiran yammacin Sikotilan, abin da zai fara dukansa shi ne hayaƙi, irin na wutar da aka yayyafa wa ruwa ta bar toka tana huci. A bayan hayaƙin sai wani abu mai kama da zartsi ya biyo, tare da warin ciyawar da igiyar ruwa ta watso gaɓa, wani lokaci har da warin aidin da bandeji irin na ɗakin shan magani. Idan wiskin haɗaɗɗe ne, wato an gauraya na matatu da yawa a kwalba ɗaya, waɗannan ƙamshi masu ƙarfi suna zaune ne a kan wani gindi mai taushi da zaƙi-zaƙi wanda yake riƙe su. Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne, wiskin da ya kawo hayaƙin sau da yawa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin awon, kuma gwanintar mai haɗi tana ga sanin inda zai tsai da hannunsa.

Kafin a shiga aikin, ya kamata a san iyakokin da doka ta gindaya. Dokar wiskin Sikotilan ta shekarar 2009 ta ce dole a tatse shi a ƙasar, a ajiye shi a can cikin gangar itacen oak wadda ba ta wuce lita 700 ba har tsawon shekara 3 ko fiye, kuma kada ƙarfin barasarsa a kwalba ya gaza kashi 40 cikin 100. Ba a yarda a ƙara masa komai ba sai ruwa da ɗan launin ƙonannen sukari. Saboda haka babu mai zuba gishiri ko ruwan hayaƙi a ciki, duk abin da hanci ya ji daga hatsi, wuta, tukunya da ganga ya fito. Dokar ta kuma bambanta haɗi iri-iri. Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne haɗin wiskin tsiron sha'ir da wiskin sauran hatsi, sa'an nan akwai wanda ake haɗa na tsiron sha'ir zalla daga matatu daban-daban, kamar Johnnie Walker Green Label wanda ya ƙunshi wiskin matatun Talisker, Caol Ila, Linkwood da Cragganmore. Tatsar barasa ba tare da lasisi ba laifi ne a Birtaniya, don haka matakan farko da za a bayyana aikin matatu ne. Matakin haɗi shi ne wanda mutum zai iya gwadawa a kan tebur da kwalabe kaɗan, amma ba zai yi shi da kyau ba sai ya san asalin kowane ƙamshi.

Daga fadama zuwa ɗakin busarwa

Tushen hayaƙin wata baƙar ƙasa ce da a can ake kira fit, wadda za mu kira gawayin fadama. Gansakuka, ciyayi da saiwoyi ne da suka mutu cikin fadamar da ruwa ba ya barinta, suka kasa ruɓewa gaba ɗaya saboda rashin iska, suka yi ta danne juna har suka zama dunƙule. Kaurinsa yana ƙaruwa da kimanin milimita ɗaya a shekara, wato wanda ya haƙa mita ɗaya ya taɓa abin da ya shekara dubu yana taruwa. Ana yanka shi gunduwa-gunduwa da wata doguwar shebur ko da inji, a jera shi a fili iska ta busar da shi. Mutanen tsibiran sun koma gare shi ne domin itatuwa sun yi musu ƙaranci, kuma gawayin ma'adinai yana da tsadar kawowa. Larura ce ta zama alamar da aka san su da ita.

Gawayin fadama ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne zancen teku ya fara shigowa. Na tsibirin Islay, wanda ake furta sunansa Aila, ya fi yawan gansakuka, kuma hayaƙinsa yana karkata ga aidin, kwalta da magani. Na tsibiran Orkney, inda matatar Highland Park take haƙar nata a fadamar Hobbister, ya cika da saiwar wani ɗan tsiro mai fure da ake kira heda, hayaƙinsa yana da sanyi da ƙamshin fure. Na cikin ƙasa, inda ragowar itatuwa suka fi yawa, yana ba da hayaƙi irin na itacen girki. Wanda ya shaƙi Ardmore, wadda take nesa da gaɓa a lardin Aberdeenshire kuma ita ce ƙashin bayan haɗin Teacher's, ya kuma shaƙi Laphroaig ta tsibirin Islay a gefenta, zai gane cewa hayaƙi daban, teku daban. Mai son haɗinsa ya yi ƙamshin gaɓa dole ya nemi hayaƙin da ya fito daga fadamar da ta dace.

Hayaƙin yana shiga ne ta jikin sha'ir. Ana jiƙa sha'ir kwana biyu zuwa uku har danshinsa ya kai kusan kashi 45 cikin 100, sa'an nan a bar shi ya yi tsiro na kimanin kwana biyar ana jujjuya shi don kada saiwoyin su sarƙe, kada kuma zafi ya taru a ciki. Tsiron yana farkar da sinadaran da za su mai da sitaci sukari daga baya. Da zarar sun farka sai a tsai da tsiron ta hanyar busarwa, don kada ƙwayar ta cinye abincin da ke cikinta. Matatu kaɗan ne suka rage masu yin wannan a daɓen kansu, daga cikinsu akwai Laphroaig, Bowmore, Kilchoman, Highland Park da Springbank, sauran suna saye ne daga manyan masana'antu irin ta Port Ellen da ke Islay.

A ɗakin busarwa ana shimfiɗa ɗanyen tsiron a kan daɓe mai ƙananan huji, a hura wuta a ƙasa. Mai kula da wutar ba harshe yake nema ba. Da ya ga ta fara ci bal-bal sai ya ɗebo ɓarɓashin gawayin mai ɗan danshi ya lulluɓe ta, harshen ya mutu, farin hayaƙi mai kauri ya turnuƙe ya ratsa daɓen ya bi ta cikin hatsin, ya fita ta dogon rufin nan mai tsini wanda Charles Doig ya fara zanawa a 1889. Dalilai biyu ne suka sa ake haka. Wuta mai harshe tana ƙona sinadaran ƙamshin kafin su isa ga hatsin, kuma zafi mai yawa yana kashe sinadaran da tsiron ya farkar. Ƙari a kan haka, hayaƙi yana kama ɓawon sha'ir ne muddin yana da danshi, da ya bushe sai kamun ya ragu ƙwarai. Shi ya sa ake ba shi hayaƙi a sa'o'in farko, daga baya a ƙarasa da iska mai zafi marar hayaƙi har danshin ya sauko zuwa kashi 4 ko 5.

Sinadaran da suka maƙale ana kiransu finol, kuma ana auna su da kashi cikin miliyan. A cikin matatun Islay, tsiron Ardbeg yana kai wa 50 zuwa 55, na Laphroaig 40 zuwa 45, na Lagavulin da Caol Ila kusan 35, na Bowmore kusan 25, yayin da Octomore ta matatar Bruichladdich takan wuce 100 da nisa. Sai dai a yi hattara da waɗannan alƙaluma, domin a jikin hatsi aka auna su. Kafin a kai ga kwalba fiye da rabi ya zube a hanya, kuma yawan abin da ya tsira ya danganta ne ga yadda aka tafiyar da tukunya. Wanda ya zaɓi wiski don girman lambar kawai ya sayi kifi a ruwa.

Niƙa, jiƙo da tukunyar jan ƙarfe

Matakan tsakiya ba su bambanta da na kowane wiskin sha'ir ba, don haka ba sai an daɗe a kansu ba. Ana ɓarza busasshen tsiron yadda kusan kashi 70 zai zama tsaki, 20 ɓawo, 10 gari, a zuba masa ruwa mai zafin digiri 63 zuwa 64, a tace ruwan zaƙin, a sake zuba wanda ya fi zafi sau biyu don a kwashe sauran sukarin. Dusar da ta rage dabbobi ake ba. Ruwan zaƙin ana sanyaya shi zuwa kusan digiri 20, a zuba yis, a bar shi ya tsimu cikin manyan kwatarniyoyin katako ko na ƙarfe har ƙarfin barasarsa ya kai kimanin kashi 8. Abin lura ɗaya ne a nan. Tsimin da aka katse a kwana biyu yana ba da gardin hatsi, wanda kuwa aka bari ya kwana uku ko huɗu yana ba da ƙamshin 'ya'yan itace da ɗan tsami irin na lemun tsami, kuma wannan tsamin yana taimakawa ƙwarai wajen sa hanci ya tuna da iskar gaɓa.

Tatsa ana yin ta ne sau biyu cikin tukwanen jan ƙarfe masu dogon wuya. Barasa tana riga ruwa zama tururi, sai tururin ya hau wuyan, ya bi bututu, ya huce ya koma ruwa. Tukunya ta farko tana kai shi kashi 20 da 'yan kai, ta biyu kuwa ita ce wurin hukunci. Abin da ke fitowa daga gare ta yana ratsa wani akwatin gilashi mai firam ɗin tagulla da kwaɗo a jikinsa, wanda ya samo asali daga zamanin dokar haraji ta 1823, kuma shekaru masu yawa mabuɗinsa yana hannun jami'in kwastan. Mai tukunya ba ya taɓa ruwan, yana kallonsa ne ta gilashi yana karanta ma'auni. Goshin abin da ya fara zubowa yana da kaifi da dauɗa, sai ya karkatar da shi gefe. Da ya ga ya washe sai ya murɗa hannun famfo ya fara tara tsakiya. Can ƙarfin ya fara sauka, wutsiya mai nauyi da wari ta kusa, sai ya sake murɗawa. Goshi da wutsiya ana mai da su tukunya a zagaye na gaba.

Finol masu nauyi ne, a makare suke fitowa, dab da wutsiya. Matatar da take son hayaƙi mai kauri da kwalta tana jinkirta yankewar ƙarshe, wadda take son hayaƙi siriri tana yankewa da wuri. Misalin da ya fi kowane fito da wannan shi ne na Lagavulin da Caol Ila, waɗanda tsironsu kusan iri ɗaya ne daga Port Ellen, amma abin da suke fitarwa ya yi hannun riga. Lagavulin tana cika gajerun tukwanenta sosai tana tatsa a hankali, sai wiskinta ya fito da kauri da maiƙo. Caol Ila tana da dogayen tukwane da ba a cika su, tururi yana daɗewa yana gogar jan ƙarfe, sai nata ya fito da sauƙi, hayaƙinsa tsaf kamar na kifi banda da aka matsa wa lemun tsami. Wannan sauƙin ne ya sa masu haɗi suke ƙaunarta, kuma ita ce babbar mai ba Johnnie Walker hayaƙinsa. Jan ƙarfe yana kama sinadaran farar wuta, don haka inda gogar ta yi kaɗan wiski yana fita da nauyi. Talisker da ke tsibirin Skye, wadda aka kafa a 1830, har yanzu tana sanyaya tururinta cikin naɗaɗɗen bututu da ke nutse a bahon ruwa a waje, kuma an san ta da wani yaji mai kama da masoro da ke kama maƙogwaro a ƙarshe.

Gindin haɗin kuwa daga wata irin na'ura yake fitowa, doguwar hasumiyar da Aeneas Coffey ya yi wa rajista a 1830, wadda take aiki dare da rana ba tsayawa. Alkama ko masara ake dafawa a haɗa da ɗan tsiron sha'ir, a tatse har ƙarfin ya kusa kashi 94, ƙasa kaɗan da iyakar 94.8 da doka ta sa. Manyan matatu irin su Cameronbridge, Girvan da North British su ne ke wannan aiki. Mutane da yawa suna raina wiskin hatsi suna ɗaukarsa abin cika kwalba, kuma a ganina sun yi kuskure. Idan ya kwana a ganga mai kyau yana ba da zaƙin banila da santsi, kuma shi ne shimfiɗar da hayaƙi yake baje kolinsa a kai. Tun da Andrew Usher na Edinburgh ya fara sayar da haɗaɗɗen wiski a shekarun 1850, dokar 1860 kuma ta buɗe ƙofar haɗa na sha'ir da na hatsi kafin biyan haraji, amfaninsa ke nan: ya tausasa abin da ya yi wa yawancin mutane ƙarfi.

Ganga, da gardamar gishiri

Ana rage sabon ruwan zuwa kusan kashi 63.5 kafin a ɗura shi. Yawancin gangunan daga Amurka suke zuwa, domin dokar wiskinsu na can da ake kira bourbon ta tilasta amfani da sabuwar ganga da aka babbake cikinta, don haka waɗanda aka yi aiki da su sau ɗaya suna da yawa. Suna cin kimanin lita 200, suna ba da banila da kwakwa. Gangunan da suka riƙe giyar sheri ta ƙasar Sifen suna kai wa lita 500, suna ba da zabibi, duhun launi da ɗan bauri. Ga mai neman ƙamshin gaɓa, gangar Amurka da aka riga aka yi aiki da ita a Sikotilan sau ɗaya ko biyu ta fi dacewa, saboda itacenta ya yi laushi ba ya rufe zartsin. Gangar sheri mai ƙarfi tana mai da hayaƙi ya koma kamar na gasasshen nama mai zaƙi, abu ne mai daɗin ƙamshi, amma tekun ya tafi. A sito ana asarar kusan kashi 2 cikin 100 kowace shekara ta hanyar tururi, kuma hayaƙi yana lafawa da tsufa, shi ya sa wiski ɗan shekara biyar ko shida yakan fi ɗan shekara ashirin amfani ga mai neman hayaƙi mai rai.

Takardun talla suna son cewa iskar teku ce take ratsa katako ta bar gishiri a ciki. Gaskiya ne akwai sito irin tsohon na Bowmore da igiyar ruwa take dukan bangonsa. Amma gishiri ba ya bin tururi ya haye tukunya, kuma mafi yawan wiskin Caol Ila ana ɗaukarsa a tanka a kai shi cikin ƙasa ya tsufa nesa da gaɓa, duk da haka ba wanda ya ce ya rasa ƙamshin tekunsa. Ni dai na fi karkata ga cewa zartsin haɗuwar abubuwa ne: aidin ɗin hayaƙin Islay, ɗan tsamin dogon tsimi, ragowar farar wuta, da gangar da ba ta cika baki ba, waɗanda hanci yake tarawa ya fassara su da teku. Amfanin wannan ga mai haɗi a fili yake, wato kada ya dogara ga taswira, ya shaƙi abin da ke gabansa.

A kan teburin haɗi

Kayan aikin ba su da yawa. Ana bukatar kofunan gilashi masu faɗin ciki da tsukakken baki, da murfi ga kowanne, da silindar awo mai lambobi, da sirinji ko ɗigau don ƙananan awo, da ruwa marar ɗanɗano, da 'yan ƙananan kwalabe masu murfi, da littafin rubutu. Ɗakin ya kasance babu turare, babu warin girki. Ƙwararru da hanci suke yawancin aikinsu, domin wanda zai duba samfuri masu yawa a yini ba zai iya kurɓar kowanne ba, kuma suna rage kowane samfuri zuwa kusan kashi 20 kafin su shaƙa, saboda barasa mai ƙarfi tana dakushe hanci. Idan na kwalba ne mai kashi 40, a zuba masa ruwa daidai yawansa. A fara da mafi sauƙi a ƙare da mafi hayaƙi, domin hancin da ya sha hayaƙi yakan ɗauki lokaci kafin ya sake jin abu mai laushi.

Manyan kamfanoni sukan haɗa wiski iri ashirin, talatin ko fiye a kwalba ɗaya, amma don koyo biyar sun isa. Ga awon gwaji na mililita 100, wanda misali ne kawai na farawa. A zuba mililita 60 na wiskin hatsi da ya tsufa a gangar Amurka. A ƙara 20 na wiskin sha'ir marar hayaƙi mai ƙamshin tuffa da zuma, irin na yankin Speyside, don ya ba haɗin ciki. A ƙara 10 na wiskin gaɓa wanda hayaƙinsa kaɗan ne ko babu, kamar Old Pulteney ta garin Wick, ko Clynelish wadda aka san ta da santsin kakin zuma, domin shi ne gadar da za ta haɗa zaƙi da hayaƙi. Idan aka tsallake wannan gadar, sai a ji hayaƙin yana yawo shi kaɗai a sama kamar mai a kan ruwa. Mililita 90 ke nan. A girgiza, a ɗebi kaɗan a kofi, a shaƙa, a rubuta abin da aka ji tun kafin hayaƙi ya shiga, don a san abin da za a yi asara idan aka wuce gona da iri.

Sauran goman na hayaƙi ne, kuma a nan ake tafiyar hawainiya. A fara da mililita 5 na mai sauƙi irin Caol Ila, a rufe, a jira minti goma, a shaƙa. A wannan mataki hayaƙin yakan tsaya a baya, kamar an hura wuta a maƙwabta. A ƙara 2, a sake jira. Idan har yanzu ana jin tuffar da banilar sarai, sai a kawo mai nauyi irin Laphroaig ko Ardbeg, a riƙa ɗiga shi da sirinji mililita ɗaya-ɗaya, ana rubuta kowane ɗigo. Akwai wata gaɓa da ake kai wa inda mililita ɗaya tak yake juya haɗin gaba ɗaya, ƙamshin 'ya'yan itace ya ɓace, bandeji da toka su mamaye kofin. Wanda ya kai nan ya wuce, kuma hayaƙin da ya shiga ba ya fita. Magani ɗaya shi ne a ninka sauran kayan don a tsarma shi, ko a koma ga awon da ke rubuce kafin ɗigon ƙarshe a sake sabon haɗi. Wannan ne dalilin da ya sa ba a gwaji da kwalba guda, kuma ba a dogara ga tunani a bar alƙalami.

Idan haɗin ya fito lami a tsakiya, wato hayaƙi a gaba, zafi a baya, babu komai a tsakaninsu, a rage wiskin hatsi da 5 a ƙara na Speyside. Idan ya yi zaƙi har ya gundura, a sauya wani ɓangare na Caol Ila da Talisker, yajinta zai yanke zaƙin. Idan ƙarshensa gajere ne, mililita 2 ko 3 na wiskin gangar sheri yana tsawaita shi, amma da an wuce haka zabibi zai fara gogayya da zartsi. A riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda. Wanda ya canza uku tare, ko haɗin ya gyaru ba zai san wanne ya gyara shi ba.

Hukuncin ranar farko ba abin dogaro ba ne. Sabon haɗi yana da kaifi, kowane ɓangare yana jin kansa, shi ya sa wasu kamfanoni suke mai da shi cikin tsofaffin ganguna na wasu watanni don ya saje. A kan tebur, a ɗura shi a ƙaramar kwalba a cika ta kusan baki, a rufe, a ajiye a wuri mai duhu na mako biyu, sa'an nan a sake shaƙa shi kusa da wani sanannen haɗi mai hayaƙi, kamar Black Bottle, Islay Mist ko White Horse wanda tarihinsa yake ɗaure da Lagavulin. Sau da yawa za a tarar hayaƙin ya bazu ya fi yadda aka bar shi, don haka gara a tsaya ɗan ƙasa da inda ake so tun farko. Idan da hali, wani ya jera kofunan ba tare da mai haɗin ya san wanne ne nasa ba, domin kowa ɗansa ne kyakkyawa a idonsa. Masu sana'ar ma sukan yi amfani da shuɗin gilashi don kada launi ya ruɗe su.

Saura ƙarfin barasa. Wanda ya yi aiki da wiskin da aka ɗura da ƙarfin ganga zai bukaci ragewa, kuma lissafin mai sauƙi ne: a ninka yawan wiskin da ƙarfin da yake da shi, a raba da ƙarfin da ake so. Mililita 100 mai kashi 60, idan ana son ya koma 46, zai zama kimanin mililita 130, wato a ƙara ruwa kusan 30, kaɗan-kaɗan ana motsawa. Lambar 46 tana da dalili. Ƙasa da ita, maiƙon da ke cikin wiski yakan sa shi ya yi hazo idan ya yi sanyi, shi ya sa masu ɗurawa a kashi 40 suke sanyaya shi kusa da daskarewa su tace maiƙon. Mutane da yawa suna ganin wannan tacewar tana rage kaurin da ake ji a baki, kuma wiskin gaɓa da kaurinsa yake taƙama, don haka kamfanoni irin su Douglas Laing, masu Big Peat da Rock Island, da Compass Box masu The Peat Monster, suke ɗurawa a 46 ko sama kaɗan ba tare da tacewar sanyi ba.

Idan za a rubuta shekaru a jikin kwalba, doka ta ce shekarun mafi ƙuruciya a cikin haɗin ake rubutawa, ko da ɗigo ɗaya ne. Wannan yana sa mai haɗin wiski mai hayaƙi a tsaka mai wuya, domin ɗan shekara biyar ɗin nan da ya kawo hayaƙi mai rai zai jawo lambar ƙasa duk da cewa sauran kayan sun shekara goma sha biyu. Da yawa daga cikin masu wannan haɗi suna zaɓar su bar kwalbar babu lamba, su riƙe ƙaramin wiskin a ciki.